Daga bakin rijiya a Ƙaura Goje zuwa falakin duniya

A ƙarshen watan Janairu, hunturu na kan ganiyarsa, na je Ƙaura Goje duba wata gwaggona da ciwon ƙafa ya kwantar. Duk wanda ya san wannan sashe na ƙaramar hukumar Nassarawa, tun daga Gama har Gwagwarwa da Tudun Murtala, ya san ruwa shi ne zancen safe, shi ne kuma na yamma. Kafin masallata su watse daga sallar asuba 'yan garuwa sun cika lunguna da kurar jarkoki, yara kuma sun jera bokitai a bakin duk wata rijiyar burtsatse da mai ita ya yi sadaka da ruwanta. Saboda haka ban yi mamaki ba da na tarar maƙwabcin gwaggo ya kira masu haƙa, suna fasa masa rijiya a tsakar gida. Da na gama gaisuwa sai na tsallaka don in yi musu sannu da aiki. Na shiga da niyyar in yi minti biyar, ban fito ba sai da aka kira azahar.

Tulin ƙasar da ke gefen ramin ne ya tsayar da ni. Dattijon da ke ciki yana sara yana cika bokiti, yaronsa yana ja da igiya yana juyewa, kuma da yake kowace rana sabon wuri yake zubawa, sai ƙasar ta jeru tsibi-tsibi, kowane da launinsa. Tsibin farko baƙi ne, cakuɗe da gawayi da tsingaro da leda. Na biyu ƙasa ce mai laushi kamar garin tuwo, in ka murza ta a yatsa ba ka jin tsakuwa ko ɗaya. Na uku jan marmara ne mai tauri, wanda ya ce shi ya fi cinye masa bakin diga. Na huɗu kuwa ruɓaɓɓen dutse ne mai ƙyalli-ƙyalli, da ɗan danshi a jikinsa. Da ya fito shan iska na ce, "Baba, sannu da aiki. Gaba nawa kuka yi?" Ya ce, "Shida da ɗoriya, Malam. In ka ga wannan mai ƙyallin, to, ruwa ya kusa. In ka wuce shi kuma sai fa, shi kam sai inji." Sannan ya nuna tsibin farko da ƙafa ya ce, "Wannan tamu ce, mu muka zubar da ita. Sauran kuwa, Allah kaɗai ya san waɗanda suka taka ta."

Maganarsa ta tuna mini da Abu Raihan al-Biruni, malamin nan na Asiya ta Tsakiya da aka haifa a shekarar 973. A wani littafi da ya kammala a 1025 kan auna nisan da ke tsakanin garuruwa, ya kafa hujja cewa hamadar Larabawa ta taɓa zama teku, kuma shaidarsa ita ce abin da masu haƙa rijiya suke tararwa a can, wato shimfiɗar ƙasa, da ta yashi, da ta tsakuwa, sannan ɓawon halittun ruwa maƙale a cikin duwatsu. Ƙa'idar mai sauƙi ce, dattijon Ƙaura Goje ma ya san ta ba tare da ya karanta ba: abin da ya riga kwanciya shi ne a ƙasa, wanda ya zo daga baya shi ne a sama. Abin da masana na wannan zamani suka ƙara shi ne, a wuraren da shimfiɗun suke da yawa kuma ba su yanke ba, sukan maimaita kansu bisa tsari, fari ya bi baƙi, baƙi ya bi fari, kuma tazarar maimaitawar tana daidai da wasu sauye-sauye da ke faruwa ga tafiyar duniya a falakinta. Wato mai haƙa ƙasa yana iya karanta labarin sama.

Kafin mu bar bakin rijiyar ya kamata mai karatu ya san waɗannan sauye-sauye. Hanyar da duniya ke bi ta kewaye rana ta ɗan miƙe kamar ƙwai. A farkon Janairu tazararmu da rana kimanin kilomita miliyan 147 ce, a farkon Yuli kuma miliyan 152. Ashe ke nan a daidai lokacin da muke rawar ɗari a Kano muka fi kusa da rana. Abin da ke kawo damina da hunturu shi ne karkatar duniya, domin a jirkice take tafiya, wata shida arewacinta ya fi fuskantar rana, wata shida kudancinta. To, siffar hanyar nan takan ƙara miƙewa ta kuma koma kusa da da'ira a cikin shekara kusan 100,000. Karkatar kuma takan yi sama ta yi ƙasa tsakanin digiri 22.1 da 24.5 a cikin shekara 41,000. Na uku shi ne wanda ya fi shafarmu. Wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana kaɗi ya san mazari yana juyi da sauri, amma kansa yana wani lilo a hankali yana zana da'ira. Haka duniya take yi, kuma wannan lilo yakan sa watan da muka fi kusantar rana ya riƙa gusawa, har ya zagaye watannin shekara kaf ya dawo a cikin shekara kimanin 21,000.

Biyu daga cikin waɗannan 'yan Adam sun kama su da idonsu tun kafin a ƙera madubin hangen taurari. Masana falaki na Halifa Ma'amun sun auna karkatar duniya a Bagadaza wajen shekarar 830, suka sami digiri 23 da daƙiƙa 33. Ulugh Beg ya sake aunawa a Samarƙandi a ƙarni na 15, ya sami digiri 23 da daƙiƙa 30. Yau tana digiri 23 da daƙiƙa 26, tana ci gaba da raguwa. Lilon mazari kuwa shi ne ke sa fitowar taurari take jinkirta da kwana ɗaya a duk shekara 71 ko 72. Kaza da 'ya'yanta da manoma ke dubawa, da taurarin damina da malaman hisabi ke ƙirgawa, duk sun gusa da kwanaki daga inda suke a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Wanda ya zauna ya lissafa yadda waɗannan sauye-sauye uku suke ƙara ko rage hasken ranar da kowane yanki ke samu a kowane lokaci na shekara shi ne Milutin Milankovitch, injiniya ɗan ƙasar Sabiya. Da alƙalami da takarda ya yi aikin, wani sashe ma yana tsare a Budapest lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya tattara shi a babban littafinsa na 1941. Ya rasu a 1958 masana da yawa ba su gamsu ba. Sai a 1976 wasu masana uku, James Hays da John Imbrie da Nicholas Shackleton, suka binciki lakar da aka zaƙulo da dogon bututu daga ƙarƙashin tekun Indiya, wadda ta ɗauki shekara 450,000 tana taruwa. Da suka auna yadda sanyi da ɗumi suka riƙa musanya a cikinta, sai ga tazarar shekara 100,000, ga ta kusan 41,000, ga ta kusan 23,000. Laka ta gaskata lissafi.

Turawa zamanin ƙanƙara ne ya dame su, shi ya sa suka fara da shi. Mu namu damina ne. Ruwan da muke noma da shi yana zuwa ne idan rana ta gasa doron Sahara, iska mai zafi ta tashi sama, ta jawo iska mai laima daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Gwargwadon ƙarfin rana a watannin damina, gwargwadon nisan da wannan iska za ta kutsa arewa. Shekara 11,000 da suka wuce, rabin lilon mazari ke nan, duniya ta fi kusantar rana ne a tsakiyar daminarmu. John Kutzbach na Amurka ya nuna a 1981 cewa ƙarin hasken rana na kusan kashi 7 cikin 100 a wancan zamani ya isa ya ƙarfafa damina ƙwarai. Daga kimanin shekara 14,500 zuwa 5,500 da suka wuce, mafi yawan lokaci Sahara ciyawa ce da tafkuna. Raƙuman dawan da aka sassaƙa a jikin dutsen Dabous, arewa da Agadas, da maƙabartar masunta da aka gano a Gobero cikin hamadar Tenere a shekarar 2000, duk na wancan zamani ne.

Tambayar da na riƙa juyawa a raina ina kallon tsibin ƙasar nan ita ce, nawa ne daga wannan labari yake ƙarƙashin Kano? Gaskiya kaɗan ne. Fan da dattijo ya ce sai inji tsohon dutse ne da ya daskare can cikin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, ba a kwance ya taru hawa-hawa ba, don haka ba shi da shafuka. Kano tudu ce, kuma tudu wurin zaizayewa ne, abin da ya kwanta ruwa ya kwashe ya kai kwari. Kashegari na hau Dala da yamma na duba Gwauron Dutse daga nesa. Dukansu biyu hular marmara ce ta hana su zaizayewa, ita ce kuma ta ba maƙeran farko tamar da suka narka a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7. Marmara ba ya samuwa sai dutse ya daɗe yana ruɓewa cikin zafi da ruwa mai yawa, don haka tsibi na uku shaida ne na zamunna masu laima, sai dai ba ya faɗin sau nawa suka zo. Tsibi na biyu ya fi magana. Binciken da Grant McTainsh ya yi a yankin Kano, wanda ya fito a mujallar Nature a 1980, ya nuna cewa ƙurar hunturu tana sauka da yawan da zai iya tara irin wannan ƙasa mai laushi a tsawon zamani. Babban tushen ƙurar kuwa shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda busasshen gindin tafki ne. Hazon da ya rufe mini birni a kan Dala ran nan, har na kasa hango hasumiyar babban masallaci sosai, lakar tsohon tafki ce take yawo a sama.

Mai neman cikakkun shafuka sai ya gangara kwari. Bayan mako biyu wata hidima ta kai ni Haɗeja. Daga 'Yankaba mota ta bi ta Jogana da Gezawa, kuma tun ba a yi nisa ba duwatsu suka ɓace, ƙasa ta koma rairayi. An bar tsohon fa ke nan, an hau kan yashi da yumɓun da suka cika kwarin Chadi. Can gaba sai hanya ta riƙa hawa wani tudu mai laushi tana sauka fadama, ta sake hawa ta sake sauka, kamar an yi wa ƙasar kunya da garmar da ba ta mutum ba. A kan tudun gero ne da wake da gyaɗa, a fadamar kuma shinkafa da rake da lambu. Waɗannan tudun su ne jigayi, daga gare su jihar da aka ƙirƙiro a 1991 ta sami sunanta. A 1958 wani masanin labarin ƙasa na Ingila, A. T. Grove, ya bayyana cewa tsofaffin tulin yashin hamada ne da ciyawa ta ɗaure, sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, wato bisa hanyar iskar hunturu. Galibin masana suna danganta tashinsu da doguwar bushewar da aka yi kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai, hamada kuma ta zarce iyakarta ta yau da ɗaruruwan kilomita. Manomin da ke huɗar gero a Jigawa, a kan Sahara ta jiya yake tsaye.

A ƙasan garin Haɗeja kogi yakan rasa hanya ɗaya tak da zai bi, jigayin nan su raba shi rassa-rassa, ya bazu ya zama dausayin Haɗeja da Nguru. In aka ƙara gaba cikin jihar Yobe akwai ƙauyen Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana. A nan ne a 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya don shanunsa ya ci karo da itace a zurfin mita biyar. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tone wurin a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8.4, wanda aka auna shekarunsa suka kai kimanin 8,000. Ba a san wani jirgin ruwa da ya girme shi a Afirka ba. Can gabas kuma akwai wani dogon tudun yashi da ya ratsa ta Maiduguri da Bama ya shige Kamaru. Gaɓar tafkin Chadi ce ta wancan zamani, sa'ad da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 350,000, fiye da sulusin Nijeriya. Bodele da ke turo mana ƙura a yau ita ce wuri mafi zurfi a cikinsa.

Ga shafuka uku ke nan a tafiyar yini guda: yashin hamada na shekara 20,000, gaɓar tafki da jirgi na shekara 8,000, sai kuma yau da muke tsakanin biyun. Amma zagaye ɗaya ba ya tabbatar da ƙa'ida, sai an ga abin ya maimaitu sau da yawa. Wannan yana samuwa a inda laka ke kwanciya ba yankewa. A gaɓar kudu ta tsibirin Sisili a Italiya akwai fararen duwatsu masu ratsi-ratsi, waɗanda tsohon gindin Bahar Rum ne da ya ɗago. Duk lokacin da damina ta yi ƙarfi a Afirka, kogin Nilu da wasu kogunan Sahara da suka ƙafe yanzu sukan kwararo ruwan daɗi mai yawa, ƙasan teku ya rasa iska, sai baƙar laka ta kwanta. In damina ta yi rauni sai fara ta dawo. Frits Hilgen na ƙasar Holan ya ƙirga waɗannan ratsi a farkon shekarun 1990, ya daidaita su da lissafin falaki ɗaya bayan ɗaya, har aka gyara shekarun da ake ba wa zamunnan duwatsu. Da irin wannan ƙirga aka gano cewa Sahara ta yi kore ta bushe fiye da sau 200 a cikin shekara miliyan 8. Kusa da mu ma, a tafkin Bosumtwi da ke kudu da Kumasi, an zaƙulo laka mai kaurin kusan mita 300 a 2004, wadda ta adana labarin daminar Afirka ta Yamma na shekara miliyan guda.

Daga nan ne al'amarin ya juya, har masu duban sama suka koma neman taimakon masu duban ƙasa. Abin da ke sauya siffar hanyar duniya shi ne jan da sauran duniyoyi ke yi mata, musamman Mushtari saboda girmansa, da Zara, wadda muke wa kirari da matar wata, saboda kusancinta. Jacques Laskar na Faransa ya nuna a 1989 cewa wannan ja-in-ja yana da sarƙaƙiyar da ƙaramin kuskure a lissafi yakan ninku har ya lalata sakamako. Ko da kwamfuta mafi ƙarfi, ba a iya komawa baya da tabbaci fiye da shekara miliyan 50 zuwa 60. Abin da ya wuce nan sai a tambayi dutse. A jihar New Jersey ta Amurka, Paul Olsen da Dennis Kent sun jagoranci zaƙulo dutse mai tsawon kusan kilomita bakwai in an haɗa, daga gindin wasu tafkuna da suka riƙa cika suna ƙafewa fiye da shekara miliyan 200 da suka wuce. Da suka haɗa shi da wani da aka haƙo a Arizona, sun tabbatar a 2018 cewa akwai wani babban zagaye na shekara 405,000, wanda Mushtari da Zara ke haddasawa, da bai sauya ba tsawon shekara miliyan 215. Shi ya zama ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Wasu zagayen kuma an ga tsawonsu ya bambanta da na yau, kuma wannan bambanci shi ke gaya wa masana falaki yadda duniyoyi suka yi tafiya a zamanin da lissafi ba ya kai wa.

Shekara miliyan 60 ɗin nan ta sa na tuna Sakkwato. Wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Sakkwato ya wuce Dange, ko ya nufi Wurno da Goronyo, zai ga tsaunuka masu shafaffen kai, jikinsu hawa-hawa, ruwan toka a ƙasa, fari a tsakiya, ja a sama. Teku ne ya shimfiɗa su, wani siririn teku da ya ratso Sahara daga arewa fiye da sau ɗaya. A cikin shimfiɗun Dukamaje an sami ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai kama da kada, wadda masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972 don tunawa da Goronyo. Sama da su akwai yumɓun Dange mai haƙoran kifaye, sannan farin dutsen Kalambaina da ake fasawa ana siminti da shi, wanda cike yake da ɓawon halittun ruwa, shekarunsa kuma sun kusa miliyan 60. Ba kowane ratsi ne aikin falaki ba, domin motsin ƙasa ma yakan kawo teku ya mayar da shi, kuma rabe wannan da wancan sai da awo mai tsanani, taƙi bayan taƙi. Wannan aiki ne da ya dace da ɗaliban ilimin duwatsu na jami'o'in Usmanu Ɗanfodiyo da Ahmadu Bello da Bayero. Kowace fuskar dutse da aka fasa a ma'aikata shafi ne da ya buɗe na ɗan lokaci, in ba a auna shi an ɗauki hotonsa ba, ya tafi cikin buhu.

Me ya sa talakan da ke sayen jarkar ruwa zai damu da wannan? Dalili na farko shi ne don kada a ruɗe mu da rabin gaskiya. Na sha jin masu ilimi suna cewa ai yanayi ya saba sauyawa tun fil azal, don haka kukan da ake yi yanzu surutu ne. Gaskiya ne ya saba sauyawa, jigayi da kwalekwalen Dufuna sun isa shaida. Amma agogon falaki mai nawa ne. Ranar da muka fi kusantar rana tana gusawa da kwana ɗaya ne kacal a duk shekara 58, wato a tsawon rayuwar dattijon mai haƙa rijiya ta matsa kwana ɗaya da 'yan sa'o'i. Wannan ba zai bayyana yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ba, ko farin 1973 da na 1984, ko yadda tafkin Chadi ya faɗo daga murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa kusan ushurin haka a cikin shekara ashirin, ko ambaliyar da ta ci Jigawa a 2022. Waɗannan suna da dalilai masu saurin aiki, kamar sauyin ɗumin ruwan tekuna, ga kuma hayaƙin da ɗan Adam ke tura wa sama. Iskar kabon da ta yi shekara 800,000 ba ta haura kashi 300 cikin miliyan ba, yau ta wuce 420. Darasin da shimfiɗun ƙasa ke bayarwa ya fi ban tsoro ma: ƙarin hasken rana na kashi 7 cikin 100 ya mai da hamada tafki, janyewarsa ta mai da tafki ƙura. Daminarmu abu ce mai saurin jin taɓi. Lakar wani ƙaramin tafki mai suna Kajemarum a ƙasar Manga, yankin da kanwa ke fitowa, ta nuna an taɓa yin fari a nan tsakanin shekara 1,200 da 1,000 da suka wuce wanda ya fi duk na ƙarni na 20 tsawo. Mai tsara madatsar ruwa ko rumbun hatsi bisa abin da kakansa ya gani kawai, ya auna rigarsa da gajeren kamu.

Dalili na biyu yana bakin rijiyar kanta. Babu ranar da inji ba ya huda ƙasa a Kano da Jigawa da Katsina da Yobe. Mai injin ya san a mita nawa ya bar yashi, a nawa ya shiga yumɓu, a nawa ya sami ruwa, amma galibi sanin yana tafiya da shi, ƙasar da ta fito kuma a cike kwata da ita. Alhali da irin wannan bayani ne aka gano, tun shekarun 1950 da 1960, cewa kwarin Chadi yana da hawa uku na ruwan ƙasa, kuma daga baya aka gane na can ƙasa ruwa ne da ya shiga tun dubban shekaru, gadon wani zamani mai laima, wanda damina ɗaya ba ta mayar da abin da aka zuƙe daga cikinsa. Da hukumomin ruwa na jihohi za su wajabta wa duk mai haƙa ya cika takarda guda, zurfi da launi da irin ƙasa, ya kuma ajiye ɗan samfuri na kowane hawa a kwalba, jami'o'inmu da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna su tattara, da a cikin shekara goma mun mallaki taswirar ƙarƙashin ƙasarmu. Magidanci zai daina zuba kuɗinsa a ramin da ba ruwa, ɗalibi kuma zai sami abin nazari a ƙofar gidansu ba sai ya jira laka daga Sisili ba.

Na koma Ƙaura Goje ranar wata Juma'a, gwaggo ta sami sauƙi har tana taka ƙafar. Rijiyar maƙwabci ta kai ruwa a gaba takwas, an zura mata zoben siminti an ɗaure bakinta. Tsibin ƙasar nan huɗu kuwa babu ko ɗaya, an kwashe an cike wani rami a bakin lungu, baƙar da jar da mai ƙyallin duk sun cakuɗe. Na tarar da dattijon yana wanke diga zai wuce wani aikin a Dakata. Na gaya masa siminti da ya ɗaure rijiyar da shi daga dutsen gindin teku ake yin sa. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Malam, in dai ƙasa ce ba na musu. Shekara arba'in ina shiga cikinta, ban taɓa shiga biyu iri ɗaya ba." Na tambaye shi ko ya taɓa rubuta abin da yake gani. Ya ce babu wanda ya taɓa tambayarsa. Ya saɓa digarsa, yaron ya ɗauki igiya da bokiti, suka nufi titi.